Shekarar da Muka Sauke Jinkar Yaya

A garinmu, can gindin duwatsun Dutse bayan an wuce Limawa, ba a tambayar ko mutum yana nan ko ya tashi. Kan turakarsa ake duba. Wanda zai tafi cin rani sai ya saki asabari, ya jibga ƙaya a ƙofar gida, ya bar jinkar turakarsa a inda take. Muddin jinkar nan na bisa bango, gidan nasa ne, gonarsa kuma tasa ce, ko da ciyawa ta shanye ta. Wanda kuwa zai yi ƙaura ta gaske, shi ne ke kiran liman da maƙwabta, a kwance igiya, a ɗaga jinka a dire ta ƙasa. Daga ranar gidan ya zama kufai, gonar ta koma hannun dagaci ya ba wanda zai nome ta. Idan mai gidan ya dawo daga baya, baƙo ne, sai ya roƙi wurin zama kamar kowane baƙo. Mai gida kaɗai ke cewa a sauke. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin wanda ya sa hannu a jinkar wani ba, ko mahaukaci.

Ni ne dagacin garin a shekarun da nake ba da labari, ba kuma don na fi kowa cancanta ba. Da mahaifinmu ya rasu, Nasara ba su daɗe da cin ƙasar ba, hakimi yana neman wanda zai iya rubuta masa takarda da ajami. Ni na ɗan yi karatu. Yayana, wanda muke ciki ɗaya da shi, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma shi ba abin da ya sani sai garma da dabino. Da kansa ya kama hannuna ya kai ni gaban hakimi, ya ce ga wanda zai iya. A gaban mutane yakan ce mini Mai gari, yana ɗan murmushi kamar wanda ya ba yaro aron babbar riga. Idan mun keɓe kuwa Auta nake, kamar yadda Innarmu ke kirana, ya aike ni in ɗebo masa ruwan alwala in tafi da rawanina.

Mutanen yanzu suna ganin sarautar ƙauye zama ce a kan buzu ana kawo gaisuwa. Su zo su zauna su ji. A zamanin mahaifina, idan an tara zakka da kaka, wani kaso yakan tsaya a rumbun gari. Da shi ake ciyar da baƙo, a biya masu yasar rijiya, a gyara soron masallaci, a ranta wa wanda iri ya ƙare masa. Da na hau, sai aka ce an daina karɓar dami, an daina karɓar kuɗin wuri, kuɗin Nasara kawai ake so, a ƙulle a kai Dutse, daga can a wuce da su Baitulmali a Kano. Abin da ke ragewa a hannuna ɗan ladan tarawa ne, shi ne kuma rijiyar, shi ne baƙon, shi ne masallacin. Rumbun gari ya zama wurin kwanan kaji. A shekarar ƙoshi ana lallaɓawa a haka. Matsalar ita ce ba kowace shekara ce ta ƙoshi ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke mana, gero yana gab da fitar da kai ya tsaya cak, ya bushe a tsaye. Abin da muka girbe bai kai a kira shi girbi ba. Kafin tsakiyar rani mata sun koma tonon gidan tururuwa da sussukar ƙarangiya, ana jiƙa ’ya’yan anza masu ɗaci ana ci. Harajin shekarar kuma ba a ɗage shi ba. Na sayar da dokin mahaifinmu na cike na gidajen gwauraye da tsofaffi, don kada dogarai su zo su kwashe musu tukwane. Ban yi kewar dokin sosai ba, domin ya fara kallon jinkar barga da idon yunwa.

Sai mutane suka fara tafiya. Kusan duk kudu suka nufa, wajen ƙasar Ningi da gaba da nan, inda aka ce an yi ruwa. Ba wanda ya sauke jinka. Kowa ya ja ƙaya ya ce sai damina. Yaya ya daure har yaransa suka fara kumburin ƙafa, sannan ya ce shi ma zai bi. Kafin ya tafi ya yi abin da har yau idan na tuna nake jin haushi da tausayi tare. Mutumin da ba ya samun abin kaiwa baki sai ya shiga fadama ya yanko shuci, ya zauna ya yanta, ya hau ya sake baibaye turakarsa tsaf. Na ce, “Yaya, ƙarfin nan da ka adana shi don hanya.” Ya ce, “Idan na bar ta da tsohon shuci ruwan farko zai shiga. Ba na so in dawo in tarar da bango ya jiƙe.” Ranar tafiya ya ɗora kaya a jaki, ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, sannan ya juyo gare ni ya nuna turakar da haɓa. “Auta, ga ta nan a hannunka.” Na ce ya tafi hankali kwance.

Da bazara ta kama, gidajen da ke da ƙaya a ƙofa sun kusa kai waɗanda ke da hayaƙi yawa. A lokacin ne jakadan hakimi ya zo. Mutum ne mai ƙiba, abin da ya sa yara suka fito kallonsa, don sun kwana biyu ba su ga irinsa ba. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, sai dai irin mutanen nan ne da ke isar da saƙo suna sakace haƙori. Na sauke shi a zaure, na ba shi ruwa da ɗan dabinon da na ɓoye don baƙi. Ya ce an yi sabon tsari daga Kano. Malamin ƙidaya zai zo kafin ruwa ya sauka, ya bi gida gida. Duk gidan da turakarsa ke da jinka gida ne, za a sa shi a harajin kaka mai zuwa, da mutum a ciki ko babu. Jimlar kuma a kan gari take, wato a wuyana. Gidan da aka sauke jinkarsa za a cire shi, amma gonarsa ba za ta zauna ba. Hakimi ya samo irin gyaɗa daga ’yan kasuwar Kano, tun da jirgin ƙasa ya iso can ake nemanta ruwa a jallo, akwai kuma mutanen arewa da yunwa ta koro suna neman ƙasa. Za a ba su gonakin kufai da irin.

Na ce, “Jakada, mutanen nan cin rani suka je. Da ruwa ya zuba za ka gan su a hanya. A dakata mana har a yi shuka mana.”

Ya ce, “Bature yana son ƙidaya ta isa Kano kafin rafuka su cika. Ni da kai wa zai ce masa ya jira hadari?” Ya tofar da ƙwallon dabino, ya dube ni. “Kuma na san abin da ke ranka, Dagaci. A sauke yau, malam ya wuce, a mayar gobe. Wani dagaci ya yi haka a yamma da ku. Yanzu yana Kano, ba rawani, da marin ƙarfe a ƙafa. Ni zan zauna bayan malam ya tafi, sai na raba gonakin da idona.”

Lallai abin da ke raina ke nan, har na fara lissafin mutanen da za su riƙe sirri.

Bayan tafiyarsa na rasa inda zan sa kaina. Idan na bar jinkar kowa a tsaye, to waɗanda suka rage, waɗanda ko irin shuka ba su da shi, su ne za su biya nasu su biya na maƙwabta. Na san ƙarshen wannan, kaka na yi za su tattara su bi sahu, in zauna ina dagacin ƙadangaru. Idan kuwa na sauke, na kori mutanen da ba su ce sun tashi ba, na ba baƙi gonakin iyayensu. Kuma wa ya san wanda zai dawo? Ba labari ko ɗaya daga kudu. Wani yana hanya, wani ya sami wurin zama, wani ƙasa ta rufe shi, duk jinkarsu iri ɗaya ce a ido. Abinci ya daina shiga mini, ga shi dama babu. Nakan fita da hantsi in bi layin gidajen ina kallon kawunan ɗakuna, in iso ta Yaya, sabon shucinta yana ɗaukar ido, in juya da sauri kamar wanda ya haɗu da surukarsa.

Na aika saƙo kudu ta bakin duk wanda na ga ya nufi can, fatake, Fulani masu gangarawa da ragowar shanu, har da wani mai tallan kanwa da ban yarda zai tuna ba. Saƙon ɗaya ne, duk wanda ya ga mutanen garinmu ya ce musu su juyo yanzu, ko mutum ɗaya daga kowane gida, kada su jira ruwa. Daga nan na shiga zaman jira. Hadari daga gabas yake taso mana, Yaya ta kudu zai ɓullo, malamin ƙidaya kuma ta yamma. Wuyana ya gaji da juyawa. Idan na hango mutum da jaki a hanyar kudu sai in kafa masa ido har ya matso in ga ba Yaya ba ne. Idan na hango mai doki ta yamma sai in shige zaure.

Inna ce ta fara kawo mafita, ko abin da ta ɗauka mafita ce. Ta kira ni ɗakinta, ta kwance wani tsohon ƙyalle, ga mundayenta na azurfa na aure, waɗanda ko a tsakiyar yunwa ba ta bari an taɓa ba. Ta ce, “Auta, wannan ya isa harajin gidan yayanka har ya yi saura. Ka kai Dutse ka sayar. Ba wanda zai biya masa ko anini, ni na biya.” Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce ai shi ke nan, haka za a yi wa kowa. Wanda ke da ɗan’uwa a kudu, in zai iya tsaya masa, jinka ta zauna. Wanda ba shi da mai tsaya masa, a sauke. Na ga wannan adalci ne, har na yi barcin rana a ranar.

Na tara magidanta a gindin tsamiyar ƙofar masallaci bayan la’asar na faɗa musu. Kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Sai Sarkin Maƙera ya gyara zama. Tsoho ne, abokin mahaifina, shi kaɗai ne maƙeri a garin da ƙauyukan da ke kewaye, Baba nake ce masa. Ɗansa ɗaya tilo yana cikin waɗanda suka tafi, da mata da ’ya’ya.

Ya ce, “Mai gari, Allah ya ja zamaninka, ina da tambaya. A cikin mu nan wa ke da abin tsaya wa wani?”

Na ce, “Baba, kowa ya duba gidansa.”

Ya ce, “Mun duba. Tun rani muke dubawa, har ƙarƙashin murhu. Gida ɗaya ne a garin nan da azurfa ta rage, kai ma ka san shi. Wato malam zai zo ya tarar da gari duk kai a buɗe, jinka ɗaya tak a tsaye, ta yayan dagaci.” Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin daɗi. “Ban ce kada ka sauke ta ɗana ba. Na san abin da ya sa, ni ma ba zan iya biyan gida biyu ba. Amma in za a taɓa abin da ba a taɓa taɓawa ba, to a fara daga gidan da ya fi kusa da naka. In ba haka ba, ni dai zan naɗe zugazugaina in bi yarona. Inda ya zama baƙo, nan zan zama baƙo.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in ce masa azurfar uwata ce, ba ta gari ba, ba kuma ni na hana shi tarawa ba. Amma na dubi fuskokin mutane na ga ba shi kaɗai ke magana ba, bakinsu ya ara. Na kuma san abin da tafiyarsa ke nufi. Ana gab da damina, kowace fartanya a garin ta cinye, garemani duk sun dakushe, a ce babu maƙeri. Idan ya tafi, rabin waɗanda ke zaune a gindin tsamiyar nan za su bi shi kafin malamin ya iso. Na ce na ji, a ba ni lokaci. Ya ce lokaci ba a hannunsa yake ba, yana hanyar yamma.

Na mayar wa Inna mundayenta. Ban iya yi mata dogon bayani ba, ba ta kuma nema ba. Ta karɓa ta ƙulle, ta ce, “To.” Washegari ta sa aka janye ƙayar ƙofar gidan Yaya, ta kwashi tabarmarta ta koma turakarsa da zama. Tana share ta safe da yamma, tana hura wuta a tsakar gidan ko ba abin ɗorawa. Ba ta ce mini kada in sauke ba. Ta dai zauna a ƙarƙashinta. A duk kwanakin nan ba abin da ya fi wannan hana ni sukuni. Nakan je gaishe ta da safe in tsaya daga bakin ƙofa, ta amsa, ta ce, “Ba labari?” In ce babu. Ta ce, “Ga gabas can ta fara yin baƙi.” In duba in ga ba komai.

Mutum biyu ne suka dawo a kan saƙona, su ma ba su ga Yaya ba, sun dai ji an ce ya yi gaba. Hadari ya haɗu sau da yawa, a yi iska, a ji ƙanshin ƙasa, ya watse. Ina ta roƙon Allah ruwa ya riga malam, don in ruwa ya zuba ko Bature ya san mutane na hanya. Sai wata ranar kasuwar Dutse wani ɗan garinmu ya dawo ya ce ya ga malamin ƙidaya da jakada a ƙauyen da ke kusa da mu, gobe ko jibi suna nan.

Da safe na kira liman da magidanta. Na wuce gaba, ban tsaya a ƙofar kowa ba sai ta Yaya. Na yi sallama, Inna ta fito. Ta dubi mutanen da ke bayana, ta dubi igiyoyi da sanduna a hannunsu. Na durƙusa na ce, “Inna, sai haƙuri.” Ta koma ciki. Muna tsaye, ba mai motsi, ina tunanin in ta ƙi fitowa me zan yi. Can sai ga ta da buzun sallarsa da butarsa da wata tsohuwar garma a hannu. Ta ajiye su a inuwa, ta ce, “Ku sa duwatsu a ƙasa kafin ku dire ta. Kada gara ta ci masa.”

Ba wanda ya yarda ya fara taɓawa, har Sarkin Maƙera. Ni na hau bango na kwance igiyar farko. Yaya ya ɗaure ta da irin ƙullinsa mai wuyar kwancewa, sai da na sa haƙori. Muka shiga ƙarƙashi muka ɗaga, tsaikon ya yi ƙara, rana ta faɗa cikin ɗakin. Muka dire ta a kan duwatsu a gefen danga. Liman ya shaida kamar yadda aka saba, ko da yake wanda ya kamata ya ce a sauke ba ya nan. Daga nan Sarkin Maƙera ya ce, “Sai tawa,” ya kai mu gidan ɗansa, ya kwance da hannunsa. Kafin azahar mun gama gari. Ban taɓa jin garinmu ya yi shiru irin na ranar ba, ko kaji ba su yi kuka ba, ko da yake kajin ma an cinye su.

Malamin ya zo ya bi gidaje, ya rubuta abin da ya gani, ya wuce. Jakada ya zauna ya raba gonaki. Gonar Yaya, mai jan rairayi da layin dabino a gefen fadama, ta faɗa hannun wani mutumin arewa mai iyali da yawa, salihi, wanda ya yi ta godiya har na ji kamar in mare shi. Na dai tsaya a kan cewa dabinon na wanda ya dasa ne, aka bar shi a haka. Ba a yi mako ba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a zaure ina kallonsa yana zuba cikin ɗakunan da ba kai, na rasa ko godiya zan yi ko kuka. Na yi duka biyun.

In don gari ne, abin ya yi. Ba wanda ya ƙara tashi. Sarkin Maƙera ya hura wutarsa, aka yi shuka. Da kaka harajin ya zo daidai wuyan mutane, gyaɗar baƙin nan ta kawo kuɗin Nasara garin har aka sami abin yasar rijiya, daga baya ma ’yar kasuwa ta tsaya a gindin tsamiya. Waɗanda suka dawo daga kudu suka tarar da kufai, wasu sun zage ni, wasu sun yi kuka, amma yawancinsu sun karɓi sabon fili a bayan gari suka ɗora jinkarsu a can. Ɗan Sarkin Maƙera bai dawo ba, labarin rasuwarsa ne ya zo. Duk wannan daga baya ne. Ni a makonnin farko na damina hanyar kudu kawai nake kallo, sai dai yanzu tsoron ganin jakin nake yi.

Yaya ya iso wata rana da hantsi, gyaɗa ta riga ta rufe ƙasa a gonarsa. Ta can ya biyo, don hanyar kudu ta gefenta take wucewa, saboda haka kafin ya shigo gari ya gani. Ina zaune a zaure da mutane aka ce ga shi nan. Ya rame har sai da na dube shi sau biyu, yaran da ya tafi da su kuma ba su cika ba. Na yunƙura zan tashi in tarye shi. Kafin in miƙe ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya dunƙule hannu. “Ranka ya daɗe. Allah ya ja zamanin Mai gari.” Babu murmushin nan a fuskarsa. Na sallami mutane, muka rage mu biyu, ina jira ya ce Auta. Bai ce ba.

Na yi masa bayani tun daga zuwan jakada har zancen Sarkin Maƙera da mundayen Inna. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Na ce ya ɗauki rabin gandun gidanmu, wanda ya fi gonarsa kyau, a mayar masa da jinka yau ɗin nan, in ya so bayan kaka mu san yadda za a yi da mutumin arewa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, liman ya shaida?” Na ce ya shaida. Ya ce, “To ai an sauke. Da ni ne a wurinka, wataƙila abin da zan yi ke nan. Amma ba zan roƙi wurin zama a garin ubana ba.” Ya ce surukansa na wani ƙauye a hanyar Ringim, sun taɓa yi masa tayin ƙasa. Abu ɗaya yake roƙo, a ba shi mutane su kama masa jinkarsa zuwa bakin gari, daga can ’yan’uwan matarsa za su karɓa.

Ya kwana biyu a ɗakin Inna kafin su iso. Ranar tafiya Inna ta ɗaura wa matarsa mundayen nan a hannu. Muka je gefen danga. Jinkar na nan kan duwatsunta, gara ba ta taɓa ba, ruwa ya ɗan dusashe shucin kawai. Yaya ya zagaya ta yana taɓa tanka, ya ga ba abin da ya kwance. Maza suka jeru. Na cire rawanina na miƙa wa liman, na shiga ƙarƙashi na kama gefe ɗaya. Wani ya ce, “Ranka ya daɗe, bari mu,” na yi kamar ban ji ba. Yaya yana can ɗaya gefen.

Wanda bai taɓa ɗaukar jinka ba bai san yadda take ba. Ba ka ganin gabanka, ba ka ganin fuskar kowa, sai ƙafafu da ƙasa, ga nauyi a wuya, ƙaiƙayin shuci na zubo maka a ido. Muka bi ta gaban masallaci, ta gindin tsamiya, ta ƙofar maƙera, inda na ji guduma ta tsaya har muka wuce. Ban saba da aikin ƙarfi ba tun da na hau sarauta, kafin mu kai bakin gari kafaɗata ta fara saki, gefena ya yi ƙasa. Sai na ji muryarsa daga cikin duhun jinkar, a hankali, yadda yake mini magana muna yara a gona.

“Auta, ɗaga wajenka, ta karkace.”

Na ɗaga. A haka muka kai ta har inda mutanen ke jira, suka karɓa suka yi gaba da ita, Yaya na biye da jakinsa.